Hoton Baba a Cikin Faifai

Wata Asabar ce, a daminar da na gama aji huɗu na lakwal, wato firamare, 'yan watanni bayan rasuwar mahaifinmu, Baffa Iliya, ƙanensa, ya shigo gidanmu na unguwar Zariya da wani baƙin akwati daga Kwatano. Na'urar faifai ce da ake jonawa da tele, wato talabijin, mutum ya zaɓi abin da zai gani da ɗan madanni. A can aka zuba masa hotunan kyamararsa cikin faifai, har da wanda ya ɗauki Baba a gonarsa ta Jiratawa. Ba mu da wani hotonsa ko ɗaya.

Na bar surfen da nake taya Inna, ƙannena suka watsar da langa, har kakarmu aka ɗauko daga Tsibiri a kabu-kabu. Muka cika ɗaki, hadari na haɗuwa a gabas, Baffa na danna hotuna ɗaya bayan ɗaya: teku, jirage, kasuwar da ba mu sani ba. Inna ta damƙe bakin zanenta. "Saura kaɗan, Yaya," Baffa ya ce mata. Sai kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya dawo da ƙarfi, akwatin ya yi ƙara, ƙauri ya cika ɗakin. Kaka ta dafa bango ta ce, "Kuran ba ɗan goyo ba ne." Masu gyaran rediyo na babbar kasuwa duk suka juya akwatin suka girgiza kai, fim ɗin kyamarar kuwa ya ɓace tun a Kwatano. Inna ta naɗe faifan a ɗankwali ta sa ƙasan adaka.

Da na girma na zama mai gyaran kwamfuta, amma babu kwamfutar da ta iya karanta faifan. Bara, lokacin da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, na samo wata manhaja mai sa kwamfuta ta kwaikwayi kayan cikin tsohuwar na'urar. Na yi makonni ina fama, allo baƙi ƙirin, ina tsoron kada faifan ya riga ya lalace. Wata safiya teku ya bayyana. Na wuce jiragen, na wuce kasuwar, sai ga mutum tsaye cikin zogale da hauya a kafaɗa. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallon Baba.

"Ashe yaro ne," ta ce.

A da ɗaki cike muka jira shi, yanzu mu biyu ne muka gan shi, don Kaka da Baffa sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaina na girme shi yanzu.