Ranar da Yaya Ta Same Ni a Rarrafe

Innarmu da rarrafe ta ƙare rayuwarta. Ciwon baya ne ya fara mata kamar wasa, wata rana ta durƙusa ɗaukar buta, ba ta ƙara miƙewa ba. Har yau ina jin ƙarar gwiwoyinta a kan siminti. Yayata da ke aure a Shira ita ta yi jinyarta har ta cika.

Shi ya sa da nawa bayan ya fara, saboda sunkuyo a kan keken ɗinki, ban gaya wa kowa ba. Na samu majanyi na ɗaure ƙugu tamau kamar mai jego, da shi nake kwana, da shi nake tashi. Sai da ruku'u ya nemi gagarata na hau keke napep zuwa asibiti nan Azare. Kowane rami muka faɗa sai na yi salati.

Likitar gashin ƙashi ta duba ni ta ce ƙashina lafiya lau, naman ciki da na baya ne suka yi sanyi, majanyin ma ƙara kashe su yake. Da na kwance shi, wallahi ji na yi kamar zan rabe biyu. Sai ta nuna wata tabarmar roba.

"Hajiya, sauka kan gwiwoyi da tafin hannu."

"Rarrafe? Ni? Haba 'yar nan, yi mini allura ko guda nawa ce!"

Ta ce motsa jiki ne da ake kira yoga, wannan na 'yan koyo ne. A miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, a ɗan tsuke ciki, a yi numfashi, baya a miƙe kamar an ɗora kwanon ruwa a kai. Sannan a sauya. Na yi, jikina na kyarma. Ta ce rashin sabo ne. Ni na san tsoro ne. Ita ta kama ni na tashi, ta ce in riƙa yi a gida.

A gida wa zai kama ni? Na daɗe ina kallon tabarma ina fasawa. Wata hantsi da gidan ba kowa na yi bismilla na sauka. Na miƙa hannu, na miƙa ƙafa, na ji bayana yana buɗewa daga wuya har ƙugu. Ina sauke ƙafa ke nan na ji sallama, an ɗaga labule. Yaya ce, ba ta ma ce za ta zo ba.

Ƙullin gyaɗar da ke hannunta ya faɗi.

"Innalillahi! Ke ma?"

"Yaya, motsa jiki ne, likita ce ta..."

"Tashi in gani."

Ni kaina ban sani ba ko zan iya. Na kafa ƙafa ɗaya, na dafa gwiwa. Na miƙe.

Ba ta yi murmushi ba. "Sake durƙusawa ki tashi."

Na sake. Sai ta jingina da ƙofa ta fashe da kuka. Na rungume ta, hannuna ya sauka kan ƙugunta, na ji ƙullin majanyi a ƙarƙashin rigarta, ɗaure tamau.

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun bara," ta ce. "Nuna mini. Amma kar ki sake ni."