Kwalin Sukari a Ƙarƙashin Kafireta

Motata ta girmi yawancin masu yi mata dariya a hanya. Na saye ta tun ina malamin gona, kuma da na yi ritaya na koma ƙauyenmu kusa da Tofa, a cikinta muka koma ni da matata. Kafireta biyu gare ta, a jere a gefen injin. Ƙarƙashin kowace akwai gaskit, wani ɗan faifai mai kauri da ke toshe tsakaninta da injin don kada iska ta kutsa. In ɗaya ya ci, sai motar ta kama haki, ta ƙi tsayawa a silo, wato in an ɗaga ƙafa daga totur, ta zaɓi inda jama'a suka fi yawa ta mutu.

Ƙanin matata ne ke gyara ta. Bakanike ne a Dawanau, motocin 'yan hatsi yake yi. Gaskit irin nata ya daɗe da ɓacewa a kasuwa, don haka da kwalin sukari yake yanka mata. Sai ya ɗora kwalin a bakin kafireta, ya murza da babban yatsansa mai baƙin mai har zanen ya fito, ya bi gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali. Dole biyun su fito daga kwali ɗaya, wai in kaurinsu ya bambanta ba za su yi numfashi tare ba. Ya shafa giris, ya ɗaure, sannan ya sa guntun tiyo a kunne yana sauraron wannan, yana sauraron waccan, har sai muryarsu ta zo ɗaya.

Kwali kuwa ba ya jure fetur. Bayan 'yan makonni sai ya jiƙe ya saki, sai in kira ƙanin matar tawa. Ranar Juma'a yake zuwa bayan an sauko daga masallaci, tun daga ƙofa yana tsokana.

"Mijin Yaya, akwalar taka ta sake neman sukari?"

"Aikinka ne ba ya ƙarko," in ce masa, "gyaran ganin ido."

Allah bai ba mu haihuwa ba. Da matata ta rasu, aka tashi daga zaman makoki, danginta suka kwashe kayan ɗakinta kamar yadda aka saba. A wurinmu in babu ɗa a tsakani, abin da ke saura na surukuta shi ne gaisuwa a wurin suna ko jana'iza. Gidajenmu a manne suke, gona na taɓa gona, ina jin dakan kowane gida, maƙwabta kuma ba su taɓa barina da yunwa ba. Amma kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Kowa yana tausaya mini, ba mai tsokanata.

Shi kaɗai ya ci gaba da zuwa, don motar ba ta daina lalacewa ba. Mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, yana yanka ina riƙe masa noti. Ba ma zama mu yi hirar marigayiya. Sai dai yana cikin aiki ya ce, "Yaya ta tsani warin fetur ɗin nan," ya yi dariya irin tata, mu ci gaba. Wannan 'yar maganar takan riƙe ni har wani zuwan.

Wata rana ɗan wana da ke aiki a birni ya zo gaishe ni, ya tarar da mu da kwali a hannu. Abin ya ba shi kunya. Ya ɗauki hoton injin da wayarsa, bayan wani lokaci sai ga shi da ƙunshi, wai daga ƙasar waje aka aiko. Gaskit ne na ainihi, baƙaƙe masu tauri. Na sa masa albarka, har murna na yi.

Ƙanin matata ya juya su a hannu, ya sunsuna, ya ce, "Waɗannan sai sun ga bayanmu." Ya ɗaura, ya saita da tiyonsa. Motar ta tashi lafiya lau, ko tari babu.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Ba na zarginsa. Yana da gareji da iyali, kuma magidanci ba ya tasowa daga Dawanau ya zo ya zauna gidan mijin yayarsa da ta rasu haka kawai. Ni ma ban iya ɗaga waya in ce wa namiji ɗan'uwana ya zo ina kewarsa ba, ba a haka aka rene mu ba. Kullum da safe in tayar da motar in kasa kunne, ina fatan jin haki. Ta ƙi, 'yar banza, bayan shekarun da ta yi tana kunyata ni.

Da kaka ta yi, na gaji na tuƙa ta zuwa Dawanau. Na same shi a ƙarƙashin wata babbar mota cike da buhunan wake. Ya fito yana goge hannu, muka gaisa.

"Lafiya, mijin Yaya?"

"Kamar ina jin wata ƙara," na ce.

Ya buɗe bonet, ya sa tiyo a kunne, ya daɗe yana saurare. Direbobi biyu na tsaye suna jiransa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ka kwantar da hankalinka, Malam. Sai ka shekara ba ka neme ni ba."

Ya faɗa ne don in ji daɗi. Na ce madalla, na ce ya gaida gida. Ya koma ƙarƙashin motar waken, ni kuma na juyo, har na iso ƙauye ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba.