Zuciya Goma Sha Shida a Cikin Ordinater

A shekarar da aka rufe gadar kan iyaka aikina ya tsaya cak. Ni mai cika takardun fiton kaya ne a bakin duwan, wato kwastan, na Malanville. Direba ya taho daga Kwatano da shinkafa ko ƙarfen gini, in karɓi takardunsa, in bi su daga wannan taga zuwa waccan har a buga hatimi, shi kuma ya ƙetare zuwa Gaya. Shekara tara ina wannan aiki. Rana ɗaya aka ce babu ƙetarewa. Manyan motoci suka yi layi har bayan gari ta hanyar Guéné, direbobi suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashinsu suna dafa shayi.

Sati biyu na farko nakan yi wanka, in sa riga mai guga, in je in zauna a kan bencinmu. Daga baya na daina.

Ina da ordinater, wato kwamfuta, a ɗaki, tsohuwa, wadda na saya don aikin takardu. A cikinta akwai wani wasa na tuƙin babbar mota: a ɗora maka kaya, ka bi hanya mai tsawo ka kai su wani gari na Turawa. Da can sai ran Lahadi nake taɓa shi. Yanzu daga karin kumallo har la'asar ina ciki. Ba daɗi nake ji ba. Hanya ce kawai take tahowa, ni kuma ina riƙe da ita. Matata tana ɗinki a tsakar gida, takan leƙo ta ce, "Maigida, abinci ya huce." In ce to. Ta sake leƙowa, ta tarar da kwanon yadda ta aje shi.

Wani lokaci in na shiga babban gari a cikin wasan, hoton yakan ɗan tsaya kafin ya ci gaba. Wannan ɗan tsayawar ce ta zame mini magana. Na shiga kallon bidiyo a waya, na masu gwada furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da injin. A faransanci sassanta zuciya ake ce musu, mu ma haka muke faɗi. Tawa zuciya huɗu gare ta. Na ga wata mai goma sha shida, na ƙudurta ita nake so.

Na je wurin abokina mai gyaran ordinater a bayan babbar kasuwa. Ɗan Dendi ne, tare muka yi makaranta, kuma ba ya ɓoye mini gaskiya. Na nuna masa hoton. Ya duba, ya miƙo mini wayar.

"Mi za ka yi da wagga?"

"Wasa."

"Wasan naka zuciya huɗu shika ci, in ya yi yawa shida. Sauran kwana za su yi. In kana son hoto ya yi santsi, katin hoto za ka canza, ba wagga ba. Wagga ta masu haɗa fim ce da masu zanen gini." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba ta zama a kan allon cikin injinka. Sai ka canza allo, ka canza fanka, ka canza akwatin wuta. Ga zafin garinmu."

Na ce na ji. Na kuma ji ɗin, babu abin da ya faɗa da ban gane ba.

Na saida motona, babur ɗin da nake hawa zuwa aiki. Wani Alhaji mai kayan lantarki da ke tahowa kasuwa daga Nijeriya ya ce zai kawo mini ita da sauran kayan. Da matata ta ga wurin da moton ke tsayawa babu komai, ta tambaya, na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "To da mi za ka tahi Madécali gaida Inna?" Na ce akwai 'yan kabu-kabu. Ta koma kan keken ɗinkinta.

Kayan suka iso cikin watan zafi. Furosesar kanta ba ta kai faɗin akwatin ashana ba. Abokina ya zo gida da azahar, ya zauna ƙasa ya haɗa komai, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana sharewa da kafaɗa don kada ya faɗa cikin injin. Da ya kunna, ya buɗe mini wani shafi mai 'yan akwatuna goma sha shida, kowane ɗaya na zuciya ɗaya. Ya ce in shiga wasan. Na shiga, na tuƙa har cikin babban gari. Hoton ya ɗan tsaya, daidai inda ya saba. Muka koma shafin. Huɗu suna motsi, biyu suna ɗan tashi su kwanta, sauran shiru.

Bai ce ai na gaya maka ba. Ya tattara sukurdirebansa, ya sha ruwa, ya tafi. Na jira in ji haushi ko kunya, ban ji ba. Na ci gaba da tuƙi. Abin da ya canza kawai shi ne ƙarar fanka, da ɗakin da ya ƙara zafi har matata ta daina leƙowa, sai dai ta kira daga waje.

Ina da ƙanwa, 'yar baffana, mai ɗaukar bidiyon biki da suna. Wata rana ta zo wurin matata karɓar ɗinki, ta ji ƙarar, ta leƙo. Ta ce injinta na hannu tun asuba yake fitar da bidiyon wani biki, ga azahar ta yi bai kai rabi ba, uwar amarya kuma sai kira take.

"Yaya, in gwada a naka?"

Na tashi na ba ta kujera. Ta je ta kwaso aikin, ta zuba, ta danna. Na buɗe mata shafin. Akwatunan nan duka goma sha shida suka cika har baki. Kafin matata ta gama kalmasa bakin zane ɗaya, bidiyon ya fito. Ƙanwata ta rufe baki tana dariya, ta kira mijinta a waya tana ba shi labari. Ni ina tsaye jikin ƙofa ina kallonta.

Daga nan kusan kullum tana zuwa. In ta zauna, sai in fita in zauna a inuwar zaure. Ban yanke shawarar barin wasan ba, kujerar ce ba ta samuwa.

Ran wata Asabar mai riƙe mata fitila bai zo ba, ta ce ko zan raka ta Toumboutou. Muka hau kabu-kabu biyu. Na yini ina bin ta da fitila da sandar kyamara tsakanin mata masu guɗa. Wata tsohuwa, gwaggon amarya, ta dube ni da rigata mai guga, ta tambayi ƙanwata ko ni wane ne.

"Yayana ne, Gwaggo. Shi ad da injin."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta sa aka kawo mini fura a ƙwarya. Na zauna a gindin bango na shanye, sannan ƙanwata ta yafito ni, za a fito da amarya.