Yatsa Biyu Tsakanin Itace da Kankare

Yatsa Biyu ake kiransa, har baƙi suna zaton wani inji ne ya taɓa guntule masa hannu. Ina! Yatsunsa goma cif, masu kauri, siminti ya cinye zanen tafinsa. A wurin aiki ya samo sunan. Kafa shinge ne sana'arsa: na makaranta, na gona, na garejin motoci, na duk mai abin da yake tsoron akuya ko ɓarawo ya taɓa.

Kowa ya san yadda ake kafa dirka: a haƙa rami, a zura katako, a zuba kankare, a karkaɗe hannu a tafi. Shi kuwa cewa yake wannan ba kafawa ba ce, binnewa ce. In kankaren ya bushe yakan ja baya kaɗan daga jikin itace, ruwan sama ya bi ta tsagar ya kwanta a ƙasa kamar a kofi. Dirka tana nan fes a ido, ƙafarta na jiƙa har ta ruɓe. Don haka shi gindin kankare yake zubawa daban, ya ɗaga shi sama da ƙasa, ya shafe kansa da gangare don ruwa ya zame. Tun yana ɗanye sai ya dasa wani ƙarfe mai baki biyu da mai walda ke lanƙwasa masa, wanda yake kira takalmi. In kankare ya kama, sai a sa dirka cikin takalmin a ɗaure da noti, amma ba za ta zauna a kan kankaren ba. Zai zura yatsunsa biyu a tsakani, in sun shige iska ma za ta shige. Kafin nan kuma ya riga ya shafe ƙafar dirkar da baƙin mai, irin wanda makanikai ke juyewa daga mota, don kada danshi ko gara su kusance ta.

"Itace ba ya ruɓewa daga ka," in ji shi. "Daga ƙafa yake farawa, kuma ba ya cewa wayyo."

Matarsa ta ji wannan magana har ta haddace. Tun suna da ƙuruciya warin baƙin mai ne warin mijinta. Yana cikin rigunansa, yana jikin matashin kai, har kuɗin cefane da shi suke zuwa. Kafin ya yi sallama hancinta ya riga ya gaya mata ya dawo. Da wannan wari aka ciyar da yara, aka kai su makaranta, babban ya tafi neman abinci gari mai nisa, Auta kuma ta yi aure a wata unguwa.

Abin haushin, gidan mai shinge shi ne ba shi da shinge. A bayan ɗakinsu akwai ɗan fili inda take shuka tumatir da alayyahu da kabewa, shi ya sa yake kiranta Mai Lambu. Shekarar da suka tare ya caccaka wasu sanduna kai tsaye cikin ƙasa, ya ce na wucin gadi ne. Wucin gadin nan har ya ga jikoki. Kowace damina sai ɗaya ta kwanta, ita kuma ta toshe gurbin da abin da ta samu: tsohon kwanon rufi, ƙofar kabad, kujerar da ƙafarta ta karye. Awakin maƙwabta sun san kowace kafa.

"Malam," takan ce, "da kuɗi zan biya ka ne, ko sai na canza kaya na zo a matsayin baƙuwa?"

"Mai Lambu, aikin gida ba ya gudu."

"Shi ba ya gudu, alayyahuna ne ke gudu cikin cikin akuya."

Sai ya yi dariya ya ɗauki baronsa ya fita.

Da girma ya fara kama shi, ƙishirwa ta addabe shi, ya rame. A asibiti aka ce ciwon suga ne. Nas ta zaunar da su biyun ta yi musu bayani dalla-dalla: mai wannan ciwo ƙafarsa kan daina jin zafi, don haka kullum a duba ta, kada ta kwana da jiƙa, ko ƙaya ce ta soke shi a zo. A hanyar gida yana ta ba'a.

"Ni za a koya wa duba ƙafa? Yarinyar nan ba a haife ta ba na fara duba ƙafafu."

"Na itace," ta ce.

"Ƙafa ai ƙafa ce."

A wannan lokacin ne kuma aiki ya ja baya. Mutane sun koma katangar bulo da bututun ƙarfe, mai neman shingen katako sai jefi-jefi. Wata safiya ta fito ta tarar ya ja igiya a gefen lambun yana buga turaku. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Yau kuma wa ya mutu?"

"Baƙuwa ce ta kawo aiki," ya ce. "Mai baki ce, gara in sallame ta."

Wallahi ta ji daɗi, daɗin da ta ji kunyar nunawa. Ta koma ciki tana murmushi ita kaɗai kamar amarya. Ya haƙa ramuka, ya kwaɓa yashi da tsakuwa, ya zuba gindi bayan gindi, kowanne da takalminsa na ƙarfe a tsaye. Ya yi wa nata aikin da bai yi wa na makaranta ba, har gefen kankaren yake bi da cokalin gini yana gyarawa.

A cikin wannan aiki ne wata tsohuwar ƙusa daga sandunan wucin gadi ta huda takalminsa na roba ta shige tafin ƙafarsa. Bai ji ba. Ya wuni a tsaye cikin ruwan siminti, sai da ya zo cire takalmin ya ga jini. Ita duk wannan daga baya ta sani. To me ya yi? Abin da hannunsa ya saba yi wa ƙafa in ana tsoron danshi. Ya shiga rumfar kayan aiki, ya goge wurin, ya tsoma tsumma a galan ɗin baƙin mai ya shafe, ya ɗaure, ya ja safa a kai. Ba wauta ce ta sa shi ba, Allah ya sani. Abin da bai taɓa ba shi kunya ba ne ya amince da shi.

Ta lura ya fara kwana da safa. Ta lura alwala ma ya koma yi a bayan rumfa. Da yamma in ya zauna sai ya jawo bulo ya ɗora ƙafar a kai.

"Malam, kai ma ka zama dirka ne? Ko in kawo noti?"

"Kawo, amma ki bar yatsa biyu."

Suka yi dariya tare. Wannan dariya ce take tunawa har yau ta ji kamar ta mari kanta. Ɗakin ya cika da warin baƙin mai fiye da kullum, ita kuwa daɗi take ji, don warin ya tuna mata lokacin da aiki ke binsa har gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ake cewa. Ita tana cikin ɗakin, hancinta ya saba, ba ta san komai ba.

Auta ce ta zo gaishe su wata rana da hantsi. Ita hancinta ya huta da warin gidan. Tana shiga ta yamutsa fuska.

"Mama, ɓera ya mutu a ɗakin nan."

"Ke dai da iyayi. Man babanki ne."

"A'a, Mama. Akwai wani a ƙarƙashinsa."

Suka janye gado, suka ɗaga akwatuna, suka leƙa bayan kabad, babu ɓera. Shi yana zaune a bakin ƙofa, ƙafa a kan bulo. Da matarsa ta juyo sai ta ga goshinsa na tsatsafo gumi alhali jikinsa na karkarwa. Ta durƙusa a gabansa.

"Malam, cire safar nan."

"Ɗan ciwo ne. Na yi masa magani."

"Cire, ko ni in cire."

Ita ta cire. Ƙafar baƙa ƙirin har idon sawu, ba ka iya rabe mai da nama. Ta sha ganinsa yana gwada tsohuwar dirka, yana danna ƙusa a gindinta ya ga ko za ta nutse. Ba ta san lokacin da ta danna yatsanta ba. Ya nutse. Ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, shi ma ita yake kallo, bai ji komai ba. Auta ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

Likita bai yi musu faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ce sai an yanke, kuma sama da inda baƙin ya tsaya, ƙasa da gwiwa kaɗan. Yatsa Biyu ya gyaɗa kai.

"Na sha gaya wa mutane haka," ya ce. "Ba su so ji ba su ma."

Aka yanke, amma ruɓar ta riga ta shiga jini. Zazzaɓi ya sauka ya dawo, ya sauka ya dawo. Babban ɗan ya iso, ya tsaya a gefen gado yana murza hula. Wata la'asar da yaran suka fita sayen magani, ya buɗe ido ya same ta tana masa fifita.

"Mai Lambu, shingenki."

"Wa ya tambaye ka shinge?"

"Ke. Tun kina da baƙin gashi."

"To na fasa! Awakin su cinye, su haɗa da ni." Ta ajiye maficin. "Kai da ka duba ƙafar itacen kowa a garin nan, taka ɗaya ta gagare ka? Ina gefenka, Malam. Me zai sa ba ka nuna mini ba?"

"Da kin hana ni ƙarasawa."

Gaskiya ya faɗa, da ta hana shi, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"Kankaren ya kama yanzu," ya ce a hankali. "Katakon na rumfa, na shafe su. Duk wanda zai ɗora, kada ki bari ya zaunar da su."

Bai ga ƙarshen daminar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, lambun ya zama na awaki. Gindin kankare na nan a jere, kowanne da takalmin ƙarfe babu ƙafa a ciki, ita kuwa ko ta wajen ba ta son bi. Galan ɗin baƙin man ta ɗauka da niyyar zubarwa, ta buɗe murfin, warin ya bugi hancinta, sai ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Wannan wari shi ya ciyar da ita, shi ya rufe mata hanci. Ta mayar da murfin ta ajiye galan ɗin inda yake.

Da rani ya shigo, mijin Auta, wanda direba ne, ya zo da mai waldan nan abokin marigayi, suka ce za su ƙarasa. Ta kawo musu ruwa ta tsaya daga nesa. Mai walda na can yana warware wayar shinge, mijin Auta ya ɗauki dirkar farko ya zura a takalmi, ya sake ta ta zauna daram a kan kankare, ya kama noti zai ɗaure.

"Ɗaga ta," ta ce.

"Mama, ai haka ta fi ƙarfi."

"Ɗaga ta, ɗana. Ba a zaunar da ita."

Ya ɗaga. Ta zo ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta zura yatsunta biyu a ƙarƙashin itacen. Suka shige.

"Ya yi, Mama?"

Ta kalli hannunta. Yatsun sirara ne, na mai tsinke alayyahu. Ta tuna hannun da ya auna duk shingen garin nan, yadda in ya riƙe nata yake ɓacewa a ciki. Mai walda ya bar wayar ya juya baya yana share ido da hannun riga.

"Ƙara ɗagawa kaɗan," ta ce. "Nasa biyu, nawa uku ne."

Ta zura na ukun, ta riƙe a wurin har ya gama ɗaure notin.