Jabez Mai Juya Nama

Fuskar Jabez Pocock launi biyu ce. Gefen dama wuta ta gasa shi ya yi ja kamar tukunyar ƙasa, na hagu kuma fari fat, don shi ke kallon bango. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a gefen murhun masaukin baƙi na garinmu, yana juya dogon ƙarfen da ake soke nama a kansa, ba abin da ya raba shi da harshen wuta sai garkuwar jiƙaƙƙiyar ciyawa. A nan Ingila "turnspit" muke ce wa mai wannan aiki, kuma da kalmar uwaye ke zagin ɗan da suke ganin ba zai zama komai ba. Jabez bai taɓa jin zafinta ba. Ba mata, ba ɗaki. Bencin da ke kusa da toka shi ne gadonsa, abincinsa burodi da maiƙon da ya ɗiga a kasko.

Lokacin ina saurayi, ina rubuta waƙoƙin da ba mai saurare, nakan zauna in kalli hannunsa. Ba ya sauri, ba ya tsayawa, kamar ruwan rafi.

Da kafaɗarsa ta fara sanyi, maigidan masaukin ya sa aka kafa keken katako mai kama da ganga a bango, aka saka wani gajeren kare mai suna Snip a ciki. Kare ya yi gudu, keke ya ja sarƙa, nama ya juya. Aka bar Jabez a bencinsa bisa sharaɗi guda: keken kada ya tsaya. Al'adar madafa kuwa, in kare ya gaji, a jefa masa garwashi ƙarƙashin ƙafa.

Ranar Kirsimeti aka ɗora cinyar bijimi, gashin awa huɗu. A awa ta uku Snip ya fara tangaɗi, harshe waje.

Dorcas mai dafa abinci ta ce, "Tsoho, sa masa wuta."

"Uwargida, ya tsufa. Ki dubi ƙafarsa."

"Kai ma ka tsufa, wa ya dubi taka? Ko ƙaninka ne?"

"Wana dai," in ji Jabez. "Ya fi ni furfura."

Dorcas ta yi dariya ta koma kan miyarta. Jabez ya ɗauki garwashi da awartaki, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya mayar cikin murhu. Ya sauko da karen, ya cire sarƙa, ya kama mariƙin ƙarfen da hannunsa.

Ya juya na kusan rabin awa. Ina wurin, na ga gumi na bin wuyansa, na ga sa'ad da kafaɗar ta ƙi. Ya sa ƙirji ya tura, ƙarfen bai motsa ba. Kafin in tashi, ƙauri ya cika madafa. Cinyar ta ƙone ƙurmus ta gefe guda, ga baƙi talatin a zaure suna buga cokali.

Maigidan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba Jabez, ka ci abincinka tukuna."

Washegari aka kai shi gidan gajiyayyu na coci, inda ake hura wuta sau ɗaya a yini. Na ziyarce shi sau biyu. Karo na biyu na tarar ya rufa da bargo har haɓa, haƙoransa na haɗuwa. Bai tambayi kowa ba sai Snip. Na ce masa karen na hutawa. Ƙarya na yi, yana can cikin keken. Jabez bai kai bazara ba.