Jiminar Yayana

Yayana baduku ne, takalma yake ɗinkawa a Zango, amma da tsince-tsince aka fi saninsa. Duk ranar da ayarin Buzaye ya tashi, za ka gan shi da kwando yana bin makwancin raƙuma, yana kwasar abin da masu hankali suka yar: karyayyiyar likkafa, bakin buta, gutsuren munduwa, fasasshiyar ƙararrawa. Ba wanda ya koya masa. Gidanmu ba na maƙera ba ne, ko zugazugi bai iya riƙewa ba. Da igiyar fata yake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, har ya tsayar da jimina a tsakar gidansa, tsayinta ya kai kafaɗata. Shekara shida ya yi a kanta.

Ni kuwa kunyarta nake ji. Dillalin kanwa ne ni a lokacin, ina fafutukar a san da ni a Birni, ga wana can yana hira da tarkace.

Shekarar da ake ginin garu aka yi shela cewa ana neman tagulla don zubin igwa, duk mai ita ya kai wa sarkin maƙera. A ranar idona ya buɗe, na gane ashe jiminar nan abin daraja ce. Na same shi a zaure.

"Yaya, ka ba da ita. Sunan gidanmu zai fito."

"Narka ta za su yi."

"Ta zama igwa, ta tsare gari."

Tsaron gari bai dame shi ba. Sai ya ce, "Shi sarkin maƙeran da kansa yake karɓa?" Na ce da kansa.

"To kai ta, amma a tsaye. Duk waɗanda suka gan ta ba su san ƙarfe ba. Ina so mai sana'a ya dube ta sau ɗaya, ka zo ka gaya mini abin da ya ce."

Shi ya ƙi bina, wai ba zai iya ganinta kusa da wuta ba.

Na ɗaure ta a kan jaki da hantsi. Kafin in fita unguwa mata sun fara leƙowa ta kan danga suna ƙyaƙyatawa. Wani mahauci ya tambaye ni ko amaryata ce zan kai ɗaki. Ga ni da sabuwar riga, ga ƙofar Birni cike da mutanen da nake so su girmama ni. Na karkata jakin bayan duwatsu, na zare wuƙa na yanke igiyoyin, na tattake cikin da ƙafa, na ɗura komai a mangala. Ban ko yi gumi ba.

Sarkin maƙera ya sa aka zazzage a gabansa. Ya tona da awartaki, ya zaɓi bakin buta guda biyu.

"Kwashe sauran, sharar zango ce."

Bai tambayi sunan gidanmu ba. Sauran na juye su a kududdufi a hanyar komawa.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida, ya saka rigarsa ta Juma'a, alhali ran Talata ce.

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce bai taɓa ganin irinta ba."

"Ya lura da gwiwoyin? Su suka fi ba ni wuya."

"Sai da ya durƙusa ya duba su."

Ya juya mini baya yana share ido da hannun riga. Daga ranar bai sake ɗaukar kwando ba, ya ce abin da yake nema ya samu. Duk Sallah, in aka buga igwa gari ya girgiza, sai ya ɗaga yatsa ya ce wa jikokinsa kukan jiminarsa ne.

A ciwonsa na ajali ya riƙe hannuna, ya ce cikin 'yan'uwansa ni kaɗai na ɗauki aikinsa da muhimmanci. Ya sa mini albarka a gaban iyalinsa duka. Suka ce amin, ni ma na ce amin.