Wankan Malam Saibu

Mansuratu Saibu tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Tishigu, cikin garin Tamale. Ta haura shekara arba'in. Tun da mijinta ya rasu ta koma gidan mahaifinta, tsohon gidan da kakansu ya gina lokacin da ya zo daga Kano fataucin goro. Sunan mahaifiyar babanta aka sa mata, don haka Malam Saibu bai taɓa faɗar sunanta ba. "Uwata" yake ce mata tun tana goye.

Malam Saibu tela ne. Ya yi ɗinkin kaftani har idonsa ya gaza, kuma shi ke ɗinka likkafani idan an yi rasuwa a unguwa. An san shi da fararen kaya da turare. Bara hawan jini ya kayar da shi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ranar da aka sallame su daga asibiti, nas ta gaya wa Mansuratu cewa a riƙa juya shi, a yi masa wanka kullum, in ba haka ba bayansa zai yi gyambo.

A gidajensu 'ya mace ba ta ganin tsiraicin ubanta. Wannan aikin matarsa ne ko ɗansa namiji. Matar Malam Saibu ta daɗe da rasuwa. Ɗansa namiji tilo, Jibirilu, direban babbar mota ne a Kumasi. Ya zo ya yi 'yan makonni yana yi wa tsohon wanka, sai mai motar ya aiko cewa ko ya dawo ko a ba wani. Ya koma, da alkawarin zai riƙa turo kuɗi ta waya a ɗauki namijin da zai yi aikin.

Mansuratu ta nema har unguwannin Changli da Kaladan. Samari sun fi son tuƙa yalo-yalo, kekunan nan masu ƙafa uku da ke jigilar mutane. Wani ya zo, ya ga ana sauya wa tsoho famfas, bai sake waiwayo gidan ba. Masu jinya da ake ɗauka su zo gida kusan duk mata ne, kuma abin da suke karɓa ya fi ƙarfin tukunyar koko. Daga ƙarshe ladanin masallaci ya ba ta shawarar Mahamudu, dattijo mai taushin hannu wanda ya iya juya jiki mai nauyi shi kaɗai. Mahamudu shi ne mai wankan gawar maza a unguwar. Mansuratu ta san haka. Ta ce a lokacin ba ta ga laifi ba, tunda ruwa da sabulu ne kawai.

Mahamudu ya zo da bokitinsa da hantsi. Ya rufa wa Malam Saibu zane daga cibiya zuwa gwiwa, ya naɗe tsumma a hannu, ya yi masa alwala, sannan ya fara da ɓarin dama, bai ce uffan ba sai addu'a a ƙasan maƙoshi. Haka ya saba. Malam Saibu kuwa ya sha tsayawa kusa da shi riƙe da likkafani, yana jira ya gama. Ya san tsarin daga farko har ƙarshe.

Mansuratu tana tsakar gida ta ji ihu. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Uwata! Na mutu ne?" in ji tsohon, harshensa na sarƙewa.

"Baba, wanka ne kawai."

"Wa ya ce ki kira shi? Kun gaji da ni?"

Mahamudu ya so ya sassauta abin. "Haba Malam, kwantar da hankalinka. Duk shekarun nan kai ne na farko da ya taɓa yi mini musu."

Malam Saibu bai yi dariya ba. Ya kai masa duka da hannun da ke da rai.

Abin bai tsaya a ɗaki ba. Wata maƙwabciya, Mma Adijatu, ta ga Mahamudu ya shiga gidan da bokiti, sai ta yafa mayafi ta shigo tana salati, wasu matan na biye da ita. Ta tagar ɗakinsa Malam Saibu yana jin ana yi wa 'yarsa ta'aziyyarsa. Kafin azahar labarin ya kai Kumasi, Jibirilu ya bugo waya yana kuka.

Mahamudu ya ci gaba da zuwa, yana ƙoƙarin sauya hannu. Yakan fara da hagu, ya kawo hirar kasuwa, amma kafin ya ankara hannunsa ya koma inda ya saba. Malam Saibu ya daina cin abinci a duk ranar da ya zo. Yakan datse baki, ko koko ba ya karɓa. Da Mansuratu ta ga ƙashin wuyansa ya fito, sai ta sallami Mahamudu.

Daga nan ba mai wanka. Tana goge masa fuska da hannu da ƙafa, ta roƙi duk namijin da ya leƙo gaisuwa ya sauya masa famfas. Masu gaisuwar suka ragu. Ɗakin mutumin da aka sani da turare ya fara wari. Ta kira Jibirilu.

"Yaya, ka zo. Bayan Baba ya fashe."

"In na bar motar, wa zai sayi famfas da magani? Ki yi haƙuri, ki ƙara nema."

"Na nema, Yaya. Babu."

"To, ni ma babu," in ji shi, ya kashe wayar.

Ta je wurin liman. Ya ce mata lalura ce, babu zunubi, ta sa tsumma a hannu ta kawar da kai iya iyawarta. Washegari ta ɗora ruwa, ta shiga, ta ja labule. Da tsohon ya gane abin da za ta yi, ya ce, "Uwata, kar ki yi." A ranar ta fara ganin gyambon da idonta, ya kai faɗin tafin hannu. Ta yi masa wankan. Ya rufe fuskarsa da hannun hagu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunsa.

Yanzu ita ke yi masa wanka kowace safiya, a daidai lokacin da masu sayen koko suka fi yawa. Da yawansu sun koma wurin wata. Gyambon bai warke ba, nas ta ce an makara. Malam Saibu yana cin abinci, yana shan magani, ba ya musu. Amma da ta shiga ɗakin sai ya juya fuskarsa bango. Idan yana son ruwa, buta yake bugawa da cokali.

Mansuratu ta ce tun daga ranar bai sake ce mata "Uwata" ba. Jibirilu ya ce zai zo da Babbar Sallah in ya samu hutu.